Kafin mu taɓa lambobin RAM, mu tuna da littafin da ke ciki



Da yawanmu da kwamfuta 'yar gwanjo muke rubutu, kuma da zarar ta fara nauyi sai a sami mai ba mu shawara: ku shiga BIOS ku rage lambobin RAM, za ta yi gudu. Ra'ayinmu shi ne, ga marubuci, wannan ciniki ne mai ƙaramar riba da babbar asara.

RAM ita ce teburin da kwamfuta ke baje aikin da take yi a yanzu. A jikinta ko a kwalinta za mu ga wani abu kamar DDR4-3200, sannan 16-18-18-38. Na farkon gudunta ne. Lambobi huɗun nan kuwa jira ne, wato bugun agogo nawa za ta ɗauka kafin ta kammala kowane mataki. Bayanai a cikinta a jere suke layi-layi. Lambar farko, wadda ake kira CL, jiran fitowar abin da aka nema ne daga layin da ke buɗe. Ta biyu jiran buɗe layi, ta uku jiran rufe shi kafin a buɗe wani, ta huɗu kuma mafi ƙarancin lokacin da layi zai zauna a buɗe.

To mu yi lissafi. A ninka CL da 2000, a raba da gudun. DDR4-3200 mai CL16 ta ba mu nanosakan 10. Idan muka matsa mata ta koma CL14, sai ya zama 8.75. Ribar ke nan: nanosakan 1.25, alhali nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Masu wasannin kwamfuta da masu gasar gudun na'ura suna iya ganin amfaninsa. Mai buga babi na bakwai a Microsoft Word ba zai taɓa jin bambanci ba.

Asarar fa? RAM da aka matsa wa fiye da ƙarfinta ba kullum take kashe kwamfuta nan take ba. Wani lokaci shiru za ta yi ta sauya bayani, a adana fayil da ɓarna a ciki, sai ranar da za a kai wa maɗaba'a ya ƙi buɗewa. Garin neman ƙiba an samo rama, aikin shekara biyu ya tafi.

Nauyin kwamfutocinmu galibi daga wani wuri yake. Tsohon faifai mai juyawa yakan ɗauki kusan milisakan 10 kafin ya nemo bayani, wato ninki miliyan na jiran RAM. Sauya shi da SSD shi ne gyaran da ido zai gani. Na biyu, RAM mai 4GB ta yi kaɗan ga Windows 11, domin ita ce mafi ƙarancin abin da yake buƙata. A mayar da ita 8GB. In da rami biyu, sanda biyu iri ɗaya sun fi guda ɗaya.

Wanda yake da ta kan tebur kuma ya ƙi jin bari, to ya bi a hankali. Ya fara kwafe rubutunsa a filashi da Google Drive. Ya tsaya kan tsarin da masu ƙera RAM ɗin suka gwada, wato XMP na Intel ko EXPO na AMD, maimakon lambobin da ya tsinta a intanet. Sannan ya bar MemTest86 ya kwana yana gwaji. Kuskure ko ɗaya ya fito, ya mayar da komai yadda yake.

Kwamfuta ana sayen wata, amma littafin da ya lalace ba ya kasuwa. Allah ya ƙara mana basira, ya tsare mana alƙalumanmu.