Likita, Zan Gani Bayan Aikin?



Mutanenmu sun saba da aikin yanar ido. A yi wa dattijo aiki yau, gobe a cire masa auduga ya gane jikokinsa. Shi ya sa idan aka ce wa mai ciwon suga za a yi masa aiki a can cikin ido, shi da iyalansa sai su ɗauka duk kanwar ja ce. Ayyukan biyu sun sha bamban, kuma hakki ne a faɗa musu haka tun kafin su sayar da gona su biya kuɗin.

Idan ciwon suga ya daɗe, yakan toshe ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da tantanin bayan ido, wanda likitoci ke kira ratina. Daga nan sai waɗansu sababbin jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro. Ko dai su fashe, jini ya gauraye ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika ƙwayar ido, ko su bar tabo ya yi ta jan tantanin har ya ɗaga shi daga mazauninsa. Aikin, wanda wani likita mai suna Robert Machemer ya fara a birnin Miami na Amurka a 1970, shi ne a shiga da siraran kayan aiki ta gefen farin ido, a zuƙe jinin, a yanyanke tabon, a mayar da tantanin inda yake.

To, wa zai gani, wa ba zai gani ba? Sani sai Allah, amma likita yana da alamun da yake dubawa. Babbarsu ita ce tsakiyar tantanin, ɗan wurin da mutum ke karatu da shi, yake gane fuska. In jini ne kawai ya rufe gani, tsakiyar nan tana kwance lafiya, akwai kyakkyawan zato. In kuwa ta ɗaga, ta yi watanni a haka, ko an kwantar da ita tsaf ƙwayoyin da ke karɓar haske sun riga sun lalace. Likita zai ce aiki ya yi kyau, kuma gaskiya ya faɗa; majinyaci zai ce ba ya gani, shi ma gaskiya ya faɗa. Wannan saɓani ne ke haddasa zargi da ɓacin rai, har a ce an ci kuɗin mutum.

Akwai sauran alamu. Sababbin jijiyoyi a kan baƙin ido ba alheri ba ne, domin sukan kai ga hawan jinin ido mai wuyar magani. Jijiyar gani da ta riga ta koɗe ba ta farfaɗowa. Wanda aka taɓa yi wa hasken leza kafin abin ya yi nisa ya fi samun sauƙi. Lafiyar ƙoda da hawan jini su ma suna cikin lissafi. Idan jini ya hana a leƙa ciki, akan ɗora na'urar sikanin a kan fatar ido a gano ko tantanin ya ɗaga. Idan kuma ana iya leƙawa, hoton OCT, wanda aka ƙirƙiro a 1991, yana nuna tantanin hawa-hawa, a ga abin da ya rage da rai.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 1985 ya kwatanta waɗanda aka yi wa aiki da wuri da waɗanda aka jinkirta wa shekara guda bayan jini mai yawa ya zuba. Bayan shekara 2, kashi 25 cikin 100 na rukunin farko suna gani da kyau, na biyu kuwa kashi 15. Kayan aiki sun inganta sosai tun daga lokacin, har ana yin allura irin su Avastin a ido kwanaki kaɗan kafin aiki don rage zubar jini, amma jinkiri yana nan da illarsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kusan rabin masu ciwon suga da aka gwada ba su ma san suna da shi ba.

Saboda haka muna roƙon likitocinmu su zauna da majinyaci da ɗansa ko matarsa, su yi bayani da Hausa: me ake fata, karatun Alƙur'ani ne ko dai iya zuwa masallaci ba ɗan jagora? Wannan na biyun ma ba ƙaramar nasara ba ce. A faɗa masa gani zai ɗauki makonni ko watanni kafin ya daidaita, jini na iya sake zuba, yanar ido na iya biyo baya. In an sa masa iskar gas a ido, ba zai hau jirgin sama ba sai ta baje. In mai aka sa, akasari sai an sake wani aikin a cire. A kuma duba ɗaya idon a ranar, ko da majinyacin ya ce lafiyarsa ƙalau.