SHARHI: Idan giyabos ya mutu bayan sayen mota, wa doka ta ɗora wa asarar?

Labari ne da kusan kowace ma'aikata a Abuja ta san irinsa. Ma'aikaci ya yi shekara biyu yana zubi a ƙungiyar gama-kai ta ofis, ya karɓi rance, ya nufi ɗaya daga cikin wuraren sayar da motocin da ke gefen babbar hanyar Kubwa. Ya gwada motar na minti goma, ya ji ta lafiya lau. Bayan mako biyu, a cunkoson Nyanya, motar ta fara fizga, daga bisani ta ƙi shiga giya. Bakanike a Apo ya ce giyabos ya tafi. Dila kuwa ya nuna masa rasit: kaya in sun fita, ba a dawo da su.

Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne wannan rubutu na ƙasan rasit ba shi ne maganar ƙarshe ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce duk kayan da ɗan kasuwa ya sayar suna ɗauke da lamunin inganci ko da ba a rubuta ba. Sashe na 132 ya bai wa mai saye wata uku ya mayar da kayan da suka gaza, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Dokar ta kuma hana sharuɗɗan da ke soke haƙƙin mai saye. A 2022 wata babbar kotu a Inugu ta yi amfani da ita ta haramta tsarin ƙin mayar da kuɗi na kamfanin sufurin Peace Mass Transit. Shari'ar tikitin mota ce, amma hujjarta ta shafi rasit ɗin dila.

Diloli ma suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Motar da ta shekara goma a titunan Amurka ba sabuwa ba ce, ba kuma wanda zai yi rantsuwa a kan abin da ke cikinta. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin fito ya hau, riba ta ragu, kuma akwai masu sayen da ke zuba man giya da bai dace ba su dawo da ƙorafi. Sai dai giyabos mai sarrafa kansa ba kasafai yake mutuwa dare ɗaya ba. Yakan fara da jinkirin sauya giya idan ya yi zafi, abin da zagayen minti goma da safe ba zai tona ba. Ana iya goge alamun matsala daga kwamfutar motar kafin mai saye ya iso. Wasu motocin kuma daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye a ƙetare aka kwaso su. Wanda motar ta kwana wata guda a filinsa ya fi wanda ya gan ta rabin sa'a damar sanin wannan, shi ya sa dokar ta fara ɗora nauyin a kansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. Da yawa daga motocin da ke filin dila ba nasa ba ne. Ajiya aka kawo masa ya sayar ya ci la'ada. Ranar ciniki ba ya faɗin haka, sai ranar rigima. Kuɗin kuma sau tari asusun wani mutum daban ake turawa, rasit ya fito ba sunan kamfani, ba lambar jikin mota. Ma'aikacin da ba zai bari fayil ya bar teburinsa ba sai an sa hannu, shi ne zai miƙa miliyoyi bisa amanar dillalin da abokin aiki ya haɗa su. Idan ya kai ƙara FCCPC ko kotu, tambayar farko ita ce wa ya sayar masa, kuma a nan mafi yawan ƙorafi ke rushewa.

Akwai kuma gaggawar gyara. Mai motar da ke buƙatar isa Sakatariya ranar Litinin yakan sa bakanikensa ya kwance giyabos kafin ya sanar da dila, sai dila ya ce hannun wani ya taɓa. Wanda ya ajiye motar, ya samo rahoton bincike a rubuce, ya aika wa kamfanin wasiƙa mai kwanan wata cikin wata ukun nan, shi ne doka za ta iya tsaya wa. Rancen dai ba ya jiran sakamako: ƙarshen wata za a cire daga albashi, ko motar na tafiya ko tana kan duwatsu a Apo.