Ɓarawon yau ba ya haura katanga, mu ke buɗe mishi ƙofa



Tun lokacin da muka fara taɓa ordinateur a sibar kafe, abu biyu aka koya muna: a sa antivirus, a ɓoye mot de passe. Shi ke nan, wai an tsira. Wannan tsaron ganuwa ne, irin wadda Sarki Tanimun ya kewaye Birnin Damagaram da ita: na waje abokin gaba, na ciki ɗan gida. A ganinmu wannan tunani ya tsufa.

Ku dubi yadda ake sace WhatsApp yau. Saƙo ya shigo daga lambar amininka: «Na turo maka kod bisa kuskure, don Allah maido mini.» Ka tura lambobin nan 6 da suka zo ta SMS. Nan take asusunka ya koma hannun wani, ya shiga roƙon danginka kuɗin magani da sunanka. Antivirus bai ga komi ba, don ba a fasa komi ba. Kai ka miƙa makulli, shi kuma amininka an riga an sace nashi asusun.

Shi ya sa tun wajen 2010 masana tsaron kwamfuta suka fara canza salo: kada a yarda da kowa don kawai yana ciki, sai an tabbatar, kowane lokaci. A ɗauka ɓarawo ya riga ya shigo, a rage abin da hannunshi zai kai.

To mu nan mi za mu yi? Wanda ya nemi kuɗi ta saƙo, ko ɗan'uwanka ne, kira shi ka ji muryarshi kafin ka je wajen turawa. Kod na SMS da lambar sirrin kuɗin salula ba a ba kowa, ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. A WhatsApp, shiga Paramètres, Compte, ka kunna Vérification en deux étapes. Minti biyu ne.

Ofisoshinmu ma sai sun farka. Mot de passe guda ga ma'aikata duka, an manna shi a jikin tebur, kle USB tana yawo daga injin zuwa injin. Kowa ya samu nashi makulli, a ajiye kwafin takardu wani wuri dabam, a riƙa sabunta Windows. A watan Mayu 2017 cutar WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fidda maganinta tun watan Maris. Ba a sa ba ne kawai.

Ƙasarmu tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, amma doka sai bayan ɓarna take zuwa. Muna kira a koyar da wannan a CEG da lycée, a fada, a foyandi.

Ku fa, an taɓa gwada ku? Ku faɗa muna a ƙasa, wani ya tsira.