Shaidu Biyar, Baki Ɗaya

Wata ɗabi'a ta bazu tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta. Kafin a fara aiki, injiniya yakan tsara daftarin yadda za a gina manhajar, sannan ya miƙa shi ga na'urorin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Claude da Gemini, kowace ta yi masa bita, wani lokaci ma wannan ta duba gyaran waccan. Da zarar bakinsu ya zo ɗaya, sai a ce daftari ya inganta, a kama aiki. Masu kare wannan hanya hujjarsu ita ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ɗalibin Hausa ya san abin da karin maganar ke faɗa. Hannuwan ba gyara miyar suke yi ba, shanye ta suke yi. Kowa ya tsoma loma ɗaya, kwano ya ƙare, ba wanda ya ji ɗacin har ya yi ƙorafi. Masu kafa hujja da ita sun siffanta aikinsu daidai ba tare da sun sani ba.

Yawan shaidu yana da daraja ne idan kowane da idonsa ya gani. Malaman hadisi sun daɗe da tsayar da wannan ƙa'ida: ruwayoyi goma da duk suka koma ga mutum ɗaya ba su zama mutawatiri ba, labarin mutum ɗaya ne ya yi rassa. Su kuwa waɗannan na'urori, ko da kamfanoninsu sun bambanta, galibin abin da aka horar da su da shi daga rijiya ɗaya aka ɗebo: rubutun intanet, mafi yawansa da Turanci, da taskokin manhaja da aka rubuta a ƙasashen da lantarki ba ya ɗaukewa. Abin da rijiyar ba ta ɗauke da shi, babu gugan da zai fito da shi.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A 1986 John Knight da Nancy Leveson sun wallafa sakamakon wani gwaji: ɗaliban jami'o'i biyu a Amurka, ta Bajiniya da ta Kalifoniya da ke Irvine, sun rubuta manhajoji 27 bisa umarni ɗaya, ba tare da sun tuntuɓi juna ba. Aka jarraba kowace sau miliyan ɗaya. Sai aka tarar suna tuntuɓe a wurare iri ɗaya fiye da yadda lissafin dace zai yarda, domin wurin da ya yi wa wannan wuya shi ne ya yi wa wancan. Mutane ke nan, kowa da kansa da tarbiyyarsa. Shekara goma bayan haka, ran 4 ga Yuni 1996, rokar Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta. Tana da na'urar saita hanya guda biyu, ɗaya madadin ɗaya, amma manhaja iri ɗaya ce a cikinsu, don haka kuskure ɗaya ya kashe su tare.

Illar ta fi tsanani idan manhajar don wurin da labarinsa bai shiga rijiyar sosai ba ce. Umbadda, a yammacin Umdurman, ta isa misali. Nan Kasuwar Libiya take, kuma Umdurman na cikin biranen Sudan da Hausawa suka daɗe a ciki, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Tun da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, tsabar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka rataya ga manhajar Bankak ta Bankin Khartum. Tukwanen sadaka da ake kira takaya, waɗanda matasan unguwanni ke gudanarwa, da kuɗin da ake turowa ta waya suke sayen hatsi. A Fabrairu 2024 hanyoyin sadarwa na Zain da Sudani da MTN suka katse, kuma da yawa daga cikin tukwanen nan suka sauka daga murhu.

A ɗauka an tsara manhajar rajistar gidajen da za a raba wa abinci a irin wannan unguwa. Daftarin ya ce za a tura wa kowa lambar tabbaci ta saƙon waya, a nemi katin shaida, a ajiye bayanai a wata kwamfuta mai nisa. Na'urori biyar za su iya yaba tsarin, su ƙara shawarar ɓoye kalmar sirri. Da wuya su tambaya, sai in an gaya musu: idan an ƙwace wayar a shingen 'yan bindiga fa? Idan gida biyar waya ɗaya suke amfani da ita fa? Idan an rubuta sunan mutum yau da haruffan Larabci, gobe da boko, sau ɗaya Ɗanladi, sau ɗaya Danladi, mutum ɗaya ne ko biyu? Matar da ke riƙe da ludayin takiyya za ta yi waɗannan tambayoyi kafin a gama karanta mata shafin farko.

Ba a musun cewa na'urorin suna kama mantuwa da saɓani tsakanin sashe da sashe, kuma cikin sauri. Abin ƙi shi ne a mai da amincewarsu hatimi. Injiniyan da ya ga alamar yarda sau biyar ba ya ƙara karanta daftarinsa da idon mai neman laifi, shugabansa kuma ba ya ganin dalilin biyan wanda zai je ya tambayi mutanen unguwa. Ranar da sunan wani gida ya ɓace daga jerin, ba a iya kiran ko ɗaya daga cikin shaidun biyar ya zo gaban mai gidan ya yi bayani.