Wa Zai Auna Mana Ƙurar Hunturu?

Sanin kowa ne cewa daga watan Nuwamba zuwa Maris hazo yakan lulluɓe ƙasar Haɗeja, tun daga Auyo har Guri da Kirikasamma. Manomin alkama yana murna da sanyi, mai ciwon asma yana kwana a zaune, direba kuwa sai ya kunna fitila da rana tsaka. Kowa ya san hunturu, amma kaɗan ne suka san abin da muke shaƙa.

Masana sun tabbatar cewa babban tushen wannan ƙura shi ne Kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda a zamanin da ruwan Tafkin Chadi ya mamaye. Iskar arewa maso gabas ce take kwaso ta. Tana ɗauke da sinadarai masu ƙara wa ƙasa albarka, har ma takan ƙetare teku ta sauka a dajin Amazon. Sai dai kuma ƙananan ƙwayoyinta, waɗanda ido ba ya gani, su ne suke kutsawa can cikin huhu. Kuma a lokacin ƙura da bushewar iska ne sanƙarau yakan ɓarke, kamar na 1996 wanda ya hallaka fiye da mutum 11,000 a Nijeriya.

Ya kamata ɗalibanmu su san cewa nazarin ƙura aiki ne da mutum zai iya ba shi rayuwarsa. Wani malamin Jami'ar Bayero, Grant McTainsh, ya auna ƙurar da take sauka a ƙasar Kano, ya buga sakamakon a mujallar Nature a 1980. Daga baya ya ci gaba da wannan bincike a Jami'ar Griffith ta Ostireliya har ya yi suna. A ƙofar gidanmu ya fara. To, ina namu?

Maganar ta fi shafar Haɗeja. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar ruwan da take shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. Duk inda fadama ta bushe, ciyawa ta ƙare, ƙasa ma takan tashi. Ga kuma hayaƙin itacen girki da na ƙona karan shinkafa. Nawa ne daga Chadi, nawa ne namu? Sai an auna za a sani, kuma magani ba ya yiwuwa sai an san ciwo.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jigawa da ta haɗa kai da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, a kafa na'urorin auna iska a Haɗeja, a kuma tallafa wa ɗaliban kimiyya masu sha'awar wannan fanni. Awon shekara ɗaya ba ya wadatarwa, sai an jure shekara da shekaru. Ma'aikatan da suke tsara kasafin kuɗi su tuna, su ma iskar nan suke shaƙa.