Takardar Likita Ba Ƙoƙon Bara Ba Ce

Duk mai sallar Juma'a a New Bell ya san wannan takarda. Ta sha naɗi har ta fara yagewa ta tsakiya, gumi ya ɓata hatimin likita, mai ita kuwa yana tsaye wajen takalma yana miƙa ta ga masu fitowa, bakinsa ya yi nauyi. Wani ya ba shi faran 100, wani 500, wani ya ce Allah ya sawwaƙe ya wuce. A zauren dattijon da muke riƙe wa alƙalami irin waɗannan takardu ba sa yankewa, kuma cikin waɗanda suka fi yawan dawowa akwai na gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa. Mun daɗe muna karanta su, mun kuma daɗe muna ganin inda suke ƙarewa. Don haka za mu faɗi magana ba kwana-kwana: yadda muke taimakon masu wannan ciwo a unguwar nan bai cika taimako ba. Sau da yawa tsawaita musu jinya muke yi, sannan mu koma gida muna jin mun yi sadaka.

Tushen ɓarnar shi ne mun raina ciwon. A bakin jama'a olsa ciwon yunwa ne, ko na yaji, ko na yawan tunani. Sai a ce wa mutum ya ci abinci da wuri, ya sha madara, ya rage damuwa. Likitocin duniya ma sun daɗe a kan irin wannan zato, har zuwa 1982, lokacin da wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwayar cuta mai iya rayuwa cikin tsamin tumbi, wadda ake kira Helicobacter pylori. Da abokan aikinsu suka ƙi gaskata su, Marshall ya haɗiye ƙwayar da kansa a 1984, ta kuwa kumbura masa tumbi. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Yau an tabbatar cewa mafi yawan gyambon ciki daga abu biyu yake: ko dai wannan ƙwaya, ko kuma yawan shan magungunan kashe zafin jiki irin su ibuprofen da diclofenac da aspirin. Yaji da goro da shayi mai kauri suna iya tsokanar gyambon da ya riga ya samu, amma ba su ne suka haƙa shi ba.

A duba yadda duka biyun suka yi mana ƙawanya. Ƙwayar tana shiga mutum ne galibi tun yana yaro, a gidan da aka cunkushe, inda ruwan sha ba shi da tabbas. Wanda ya ga lungunanmu da damina, lokacin da kwata ke cika ta shigo tsakar gida, ba sai an yi masa bayani ba. Magungunan kashe zafi kuwa su ne karin kumallon ɗan dako a Kasuwar Santaral, da ɗan benskin da ya wuni bisa babur, da mahauci, da mai soya da ya kwana tsaye gaban wuta. Jiki ya yi tsami, a haɗiye ƙwaya biyu da ruwan leda, cikin kuwa babu komai. Waɗannan su ne mutanen da ke ciyar da gidajenmu.

Abin daɗin shi ne ciwon yana warkewa. In gwaji ya nuna ƙwayar, likita kan rubuta maganin rage tsamin ciki irin omeprazole, haɗe da magungunan kashe ƙwayar cuta aƙalla biyu, kamar amoxicillin da clarithromycin ko metronidazole, a sha su tare safe da yamma na kwana 10 zuwa 14. Sharaɗinsa ɗaya: a sha duka, a sha tare, a kai ƙarshe. To, a nan sadakar ƙofar masallaci take yin ɓarna. Mutum ya tara abin da bai kai rabin kuɗin ba, ya je kantin magani, ya zaɓi mafi araha cikin ukun ya bar biyu, ko ya sayi na kwana uku da niyyar in Allah ya hore ya ƙaro. Omeprazole kaɗai yana kwantar da zafi cikin 'yan kwanaki, sai maras lafiya ya ɗauka ya warke, alhali ƙwayar tana nan daram. Wanda ya sha na kashe ƙwaya rabi-rabi kuwa horar da ita yake yi ta saba da maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2017 ta sanya wannan ƙwaya, mai bijire wa clarithromycin, cikin jerin waɗanda ake buƙatar sabbin magunguna dominsu cikin gaggawa. Bayan wata biyu takarda ta sake fitowa, wannan karo da magani mafi tsada, mu kuma mu fara gunaguni cewa wane ya mayar da ciwo sana'a.

Wanda kuɗinsa ya gaza kuma ya san hanyar da ta rage masa: Gazon, da sauran teburan magani na bakin titi, inda ake yanka wa mutum ƙwaya ɗaiɗai da almakashi daidai aljihunsa, bayan ta wuni cikin rana da ɗanshin Duwala. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Ga kuma mai lasifika da kwalabensa, wanda garinsa guda ke maganin olsa da basir da sanyi da ƙarfin maza a lokaci ɗaya. Ba mu raina ilmin itatuwa na iyaye ba. Amma wanda bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, jini ne ke zuba a cikinsa, kuma asibiti ne wurinsa a daren nan. In gyambon ya huda tumbi sai tiyata, a Laquintinie ko wani babban asibiti. A ranar ne za ka ga unguwa ta motsa, ana buga waya, ana bi shago-shago, a tara ninkin-ba-ninkin abin da da an bayar wata shida baya da ba a kai ga wuƙa ba. Ihu bayan hari mun iya shi.

Wani zai ce ai wannan nauyin hukuma ne. Gaskiya ne, kuma ba za mu daina faɗa ba. Tun Shirin Bamako na 1987 aka ɗora wa maras lafiya biyan kuɗin magani a asibitocin gwamnati; karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta sa maganin waje ya yi tashin gwauron zabo. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, Kamaru kuwa ba ta kusanci wannan adadi ba, har yanzu kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun iyalai yake fita. A Afrilun 2023 an ƙaddamar da zangon farko na shirin inshorar lafiya ga kowa, ya kuma sauƙaƙa wa masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu wankin ƙoda da masu tarin fuka da ƙanjamau. Madalla. Amma magidanci mai shekara 45 da gyambo ke ci, ko bazawara mai 'ya'ya biyar, ba su cikin wannan lissafi, kuma tumbinsu ba zai jira zango na biyu ba.

Sai mu waiwayo kanmu. Bayan Jamusawa sun tsaga New Bell gab da 1914 don kawar da mutanen Duwala daga bakin kogi, unguwar ta zama masaukin baƙi, kakanninmu kuma suka zauna cikinta da shanu da goro da koli. Ba inshora suka tarar ba, tsarin zango suka zo da shi: baƙo yana da maigida, maigida ke ba shi ɗaki da tuwo, in ya kwanta ya yi jinyarsa, in ya rasu ya yi masa sutura. Mu jikoki mun riƙe suturar mun saki jinyar. Ba a taɓa barin gawa ta rasa likkafani a unguwar nan ba, kuma Allah ya saka wa masu yi. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in kuwa, shinkafa har a zubar. Anko guda na biki, wanda za a sa sau ɗaya a jefa akwati, ya isa ya sayi maganin mako biyu na mutum, wani lokaci har da canji. Akwai mai zuwa Umra duk azumi, maƙwabcinsa kuwa a azumin nan yake murƙususu bayan la'asar, yana jin kunyar shan ruwa duk da rangwamen da shari'a ta yi wa maras lafiya, domin ba shi da abin sayen maganin da zai sa ya iya ramawa.

Ga kuma zakka. Mun karanta a gaban malamanmu cewa masu cin zakka kashi takwas ne kamar yadda aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta jero su, fakirai da miskinai ne farko, gina masallaci da sa masa tayil kuwa ba su ciki. Mun kuma karanta a fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne mazhabar iyayenmu, cewa ana raba zakka ne a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, ba a kai ta nesa sai in can sun fi buƙata. To, dukiyar da aka tara a Kasuwar Kongo da Nkololun da gumin yaran unguwar nan, me ya sa zakkarta take hawa mota gaba ɗayanta zuwa Garwa da Marwa da Kano, a raba ta ga dangi ana kirari? Ba mu ce a yanke zumunci ba. Amma rubu'in ushuri na faran miliyan 10 faran 250,000 ne, kuma muna da 'yan kasuwa da jarinsu ya ninka haka sau da yawa. Wanda ya rarraba wannan kuɗi ɗari biyar-biyar ga mutum 500 ya sauke farali a ganinsa, bai kuwa warkar da ko ɗaya ba.

Hujjar da aka fi kawo mana ita ce ta maƙaryata: wai wasu na yawo da takardar bara waccan, wasu ma ta aro. Akwai su, mun gan su. Sai dai tsarin da muke kai shi ne gonarsu, domin ba mai bincike a ƙofar masallaci, kuma mai ƙarfin baki ke samu. Mai gaskiya kunya ke kashe shi. Matan da ke cikin gida ba sa tsayawa wajen takalma. Takardunsu ƙarƙashin katifa suke kwana har tawada ta goge. Sabuwar al'adar ɗaukar hoton mabuƙaci a watsa a Facebook da WhatsApp kafin a ba shi wani abu ta ƙara korar masu mutunci. Mutumin da ya yi shekara 30 yana ciyar da gida ya gwammace ya sha kanwa ya yi shiru da a nuna fuskarsa ga surukansa.

Abin da muke nema ba sabo ba ne a Musulunci. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi yake tafiya, talaka na samun magani ba ya biya. A Sakkwato hukumar zakka da waƙafi ta jiha tana biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani. Mu ba mu da jiha, amma muna da masallatai da ƙungiyoyin mahauta da na 'yan kasuwa da adashin mata da ba ya saɓa wata. A kafa asusun magani guda na unguwa. In gidaje 200 suka yarda da faran 500 a wata, an sami 100,000 kafin attajiri ko ɗaya ya buɗe jakarsa. Kada a miƙa wa kowa tsabar kuɗi. A karɓi takarda, ma'aikacin lafiya ɗan unguwa ya duba kwanan watanta, a sayi maganin cikakke a halattaccen kanti, ko a kantin asibitin gwamnati inda ake samun na CENAME da rangwame. A roƙi likita ya rubuta sunan maganin na asali maimakon sunan kamfani, domin sau da yawa bambancin tsadar a kwali yake. Wanda ba a yi masa gwaji ba a biya masa gwajin tukuna, don ba kowane zafin ƙirji ne gyambo ba, kuma dattijon da ke ramewa ba dalili yana buƙatar a leƙa cikinsa da na'ura, tunda wannan ƙwaya tana cikin abubuwan da ke jawo dajin tumbi. Mace biyu amintattu su riƙa karɓar takardun mata. Sunan maras lafiya ya tsaya a littafi, lissafin kuɗi kuwa a karanta shi a fili duk wata.

Mun san wasu malamai za su ce zakka sai an damƙa ta a hannun fakiri ta zama mallakinsa. Mas'ala ce ta gaske, ba kuma mu ne masu fatawa ba. Amma wakilci ƙofa ce sananniya a fiƙihu: mabuƙaci na iya wakilta wani ya karɓa ya saya masa. In hakan bai kwanta wa malamai ba, a yi aljihu biyu, na zakka daban, na sadaka daban, a fara da na sadaka. Muna roƙon limaman unguwa su zauna kan wannan kafin watan Sha'aban, lokacin da masu dukiya ke fara lissafin zakkarsu, su kuma gayyaci likita guda ya zauna tare da su, da samfurin takardar gyambon ciki da farashinta na kantuna uku a gabansu.