Wa Zai Biya Kuɗin Binciken da Ba Ya Shiga Buhu?

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da cewa kamfani ba ya zuba dukiyarsa a bincike sai ya hango hanyar da ribar za ta dawo aljihunsa. Fasahar da kowa zai kwaikwaya ba tare da biyan ko dala ba, ɗan kasuwa ba ya waiwayarta, komai amfaninta. Abubuwa biyu da suka shiga rayuwar manoman Agye, Gazawa da Gidan Rumji sun isa misali.

Na farko shi ne buhun PICS mai riɓi uku, wanda ake adana wake a cikinsa ba tare da magani ba: ledoji biyu na ciki suna hana iska shiga, sai ƙwari su mutu. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, Gidauniyar Gates ta ɗauki nauyin yaɗa shi daga 2007, masu binciken INRAN a Maraɗi suka gwada shi. Bayan an gama wannan wahala ne kamfanoni irin su Lela Agro na Kano suka shiga sarrafa shi, domin buhu abu ne da ake ƙirgawa, a sa masa farashi, a kai kasuwa.

Na biyu shi ne sassaben zamani. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki da SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai. Maimakon a sassabe komai, sai manomi ya bar tohon da ya fi ƙarfi, ya datse sauran, har gawo da kalgo da sabara su tashi. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, manoma maza da mata da makiyaya suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. An ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Duk da haka babu kamfanin da ya mallake ta, domin manomi yana koyonta daga gonar maƙwabcinsa, da gatarin da yake da shi.

Ashe kasuwa tana ɗaukar abin da aka riga aka dafa ne. Wanda ke jiran kamfanoni su binciko maganin zuzar hatsi ko gajiyar ƙasa, zai daɗe yana jira. Wajibi ne gwamnati ta ba INRAN da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi kasafi mai ɗorewa, ta kusanci kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa da Tarayyar Afirka ta nemi a ware wa bincike.

'Yan kasuwar da ke fitar da wake, riɗi da aya ma suna da nasu nauyin. Ɗayansu ba zai biya binciken da abokan takararsa za su mora kyauta ba, amma in suka haɗa asusu, a cire ɗan wani abu kan kowane buhu, wannan uzuri ya faɗi. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Manomin da ya gwada iri ko dabara a gonarsa kuwa, ya cancanci a rubuta sunansa cikin masu binciken, a kuma biya shi ladan daminarsa.